Daga Filadelfiya zuwa Ibadan: Tarihin Tarukan Ma'aikatan Laburare da Kai Littafi ga Jama'a

A idon mafi yawan mutane, aikin laburare aiki ne na zaman shiru: mutum a bayan tebur yana buga wa littafi hatimi, yana harar masu surutu. Amma tsarin da sana'ar take tafiya a kansa a yau, tun daga yadda ake jera littattafai a kanta har zuwa ra'ayin cewa talaka ma yana da haƙƙin aron littafi kyauta, a zauren taro aka ƙulla shi, cikin muhawara da ja-in-ja.

Taro na farko da tarihi ya riƙe shi ne wanda aka yi a birnin New York na Amurka a watan Satumba na 1853, ƙarƙashin jagorancin Charles Coffin Jewett. Mahalarta, wajen mutum tamanin, sun watse da alkawarin kafa ƙungiya, amma maganar ta bi ruwa, daga baya kuma yaƙin basasar Amurka ya ɗauke hankalin kowa. Sai a watan Oktoba na 1876 ma'aikatan laburare 103 suka haɗu a Filadelfiya, 13 daga cikinsu mata, suka kafa Ƙungiyar Laburare ta Amurka, wato ALA, da Justin Winsor a matsayin shugaba. Wanda ya fi kowa kai-komo a taron wani matashi ne mai suna Melvil Dewey. A wannan shekara ce ya fito da tsarinsa na rarraba littattafai da lambobi. Duk wanda ya taɓa shiga laburare ya tarar da littattafan addinin Musulunci a jere ƙarƙashin lamba 297, to aikin Dewey ya gani.

Shekara ɗaya bayan nan aka yi irin wannan taro a Landan, aka kafa ƙungiyar Ingila. A bikin cikarta shekara 50, a birnin Edinburgh cikin 1927, aka haifi IFLA, uwar ƙungiyoyin laburare ta duniya, wadda hedikwatarta take birnin Hague na ƙasar Holan. Babban taronta bai taka ƙasar Afirka ba sai a 1984, a Nairobi. Durban ta karɓi baƙuncinsa a 2007, Cape Town kuma a 2015.

Tun da wuri waɗannan taruka suka ci karo da wata tambaya da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: idan mutane ba su zo wurin littafi ba, yaya za a yi? Amsar farko ita ce akwati. A 1893 Dewey ya fara aika akwatunan littattafai, kowanne da littafi kusan ɗari, zuwa ƙauyukan jihar New York. A 1905 Mary Titcomb, shugabar wani laburare a jihar Maryland, ta sa aka ƙera keken doki mai kantoci, yana bin gonaki gida-gida yana ba da aro. Jirgin ƙasa ya yi kaca-kaca da keken a 1910, aka maye gurbinsa da mota. Daga nan dabarun suka yi ta yawaita: karanta wa yara labari, baje kolin littattafai, da Makon Laburare wanda Amurka ta fara a 1958. Hukumar UNESCO kuwa tun a 1949 ta fitar da takardar manufa da ta tsayar da cewa laburaren jama'a na kowa ne, kyauta, kuma da kuɗin gwamnati za a riƙe shi.

Ga Afirka ta Yamma, taron da ya canza alƙibla shi ne wanda UNESCO ta kira a Kwalejin Jami'a ta Ibadan daga ƙarshen Yuli zuwa Agusta na 1953, kusan mako huɗu cur. Babu wani babban taron ƙasa da ƙasa kan laburaren jama'a da aka taɓa yi a nahiyar kafinsa. Abubuwa uku aka sa a gaba: yadda za a tsara laburare a matakin ƙasa ko jiha, irin kayan karatun da suka dace da mutanen Afirka, da horar da ma'aikata. Na biyun ne ya fi tsauri, domin galibin waɗanda ake son yi wa hidimar ba su iya karatun boko ba, waɗanda suka koya a ajin yaƙi da jahilci kuma ba su da abin da za su ci gaba da karantawa. Saboda haka aka kawo zancen majigi da rediyo da ƙananan littattafai cikin harsunan gida. Taron ya kuma nace a kan doka: laburaren da ba doka ce ta kafa shi ba, yana rataye ne a kan ganin damar wanda ke mulki.

Sakamakon bai jima ba. A 1954 aka kafa Ƙungiyar Laburare ta Afirka ta Yamma, WALA, da John Harris, shugaban laburaren kwalejin Ibadan, a kan gaba. Jihar Gabas ta yi dokar hukumar laburare a 1955, sannan da tallafin UNESCO aka gina babban laburare a Inugu, har da motar littattafai mai zagaya makarantu da garuruwa. Rahoton Harold Lancour, wanda gidauniyar Carnegie ta ɗauki nauyinsa, ya kai ga buɗe makarantar horar da ma'aikata a Ibadan. Da Gana da Nijeriya suka sami 'yanci sai kowa ya kama gabansa: WALA ta rabu, a 1962 aka kafa Ƙungiyar Laburare ta Nijeriya, NLA, Kalu Okorie ya zama shugabanta na farko. A shekarar ce UNESCO ta sake kiran taro a Inugu don a ga inda aka kwana, dokar Laburaren Ƙasa kuma ta biyo baya a 1964.

Labarin Arewa daban ne. A lokacin yaƙin duniya na biyu Turawan mulki sun buɗe ɗakunan karatu a garuruwan En'e, musamman don mutane su sami labarin yaƙi ta bakin gwamnati. Ɗaki ne ɗaya da benci, da taswira, da jaridu irin su Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939, mai kula da shi kuma sau da yawa ma'aikacin En'e ne da ba a koya masa aikin ba. A farkon shekarun 1950 aka kafa laburaren Jihar Arewa a Kaduna, yana aika wa waɗannan ɗakuna akwatunan littattafai, dabarar Dewey ke nan ta iso bayan shekara sittin. Sai dai abin da ke cikin akwatunan galibi Turanci ne, a ƙasar da ilimi yake jibge a zaurukan malamai cikin Larabci da ajami. A 1963 F. A. Sharr, wani ƙwararre daga Ostireliya, ya zagaya Arewa ya rubuta rahoto kan buƙatunta, kuma shawararsa tana cikin abin da ya sa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta buɗe sashen koyar da aikin laburare a 1968.

A yau taruka sun kafu sosai. NLA tana babban taro kowace shekara, ana kewaya da shi jiha-jiha, ga rassa a jihohi, ga mako na musamman na laburare. Dokar soja ta 1995 ta kafa LRCN, hukumar da ke yi wa ma'aikata rajista. A 2013 aka kafa AfLIA ta nahiyar Afirka, mai mazauni a Accra. Laburaren Ƙasa yana gangamin ƙarfafa karatu tun 1981, kuma yakan kai littattafai asibitoci da tashoshin mota da gidajen yari. Fatakwal ta riƙe kambun UNESCO na birnin littafi na duniya a 2014. A wasu ƙasashen an fi haka zurfafawa: a 1996 hukumar laburare ta Kenya ta fara ɗora akwatunan littattafai a kan raƙuma a yankin Garissa, ana bin makiyaya har rugagensu.

Sai dai duk mai bibiyar ƙasidun da ake gabatarwa a tarukan zai lura cewa akasarinsu sun karkata ga laburaren jami'a, da kwamfuta, da intanet, domin a can ne ƙarin girma yake, ƙasida kuma tana cikin abin da ake dubawa. Ba laifi ba ne, amma laburaren ƙaramar hukuma, wanda don shi aka zauna a Ibadan, kasonsa a zauren kaɗan ne.

A wannan giɓi wasu suka shiga ba tare da sun halarci taro ko ɗaya ba. Daga tsakiyar shekarun 1980, da littattafan hikaya na Hausa suka cika kasuwar Kano, shagunan hayar littafi suka ɓulla a unguwanni. Mai shago yana da littafin rajista, yana rubuta suna da rana. Matar aure ta aiko yaro da 'yan kuɗi da littafi na ɗaya, a ba shi na biyu, kafin ya dawo kuma ya zaga hannun maƙwabta uku ko huɗu. Gidajen rediyo suka riƙa karanta labaran ga wanda bai iya karatu ba, yanzu kuma harkar ta koma waya. Harshen gida, kusa da gida, a farashin da talaka zai iya: kusan duk abin da taron 1953 ya nema ke nan, ban da kalmar kyauta. Shekaru da dama laburaren gwamnati da yawa suna kallon waɗannan littattafai a matsayin marasa daraja, alhali su ne suka kai karatun nishaɗi cikin gidajen da motar littattafai ba ta taɓa tsayawa a ƙofarsu ba.