Taragon 'Yan Shantin: Tarihin Gardamar Saye da Haɗawa

A Birtaniya akwai dattawa da matasa da ke kwashe ranakun hutunsu suna tura 'yan taragai masu tsawon ɗan yatsa a kan layin dogon da suka shimfiɗa bisa katako. Tun fiye da rabin ƙarni masu wannan sha'awa suka rabu gida biyu. Wasu suna sayen tarago haɗaɗɗe daga kanti, su buɗe kwali su ɗora shi a kan layi. Wasu kuwa ƙunshin sassa suke saye, su yanke, su manna, su shafa fenti da hannunsu. Wanda ya ji gardamar daga nesa zai ɗauka batun kuɗi ne ko na lokaci. Tarihinta ya nuna cewa a ƙarƙashinta akwai tambayar da ta fi haka nauyi: wa ke adana labarin aikin da ba shi da farin jini?

Kafin a fahimci ɗan ƙaramin tarago, sai an san babban da aka kwaikwaya. Lokacin da gwamnatin Birtaniya ta karɓe kamfanonin jiragen ƙasa a 1948, ta gaji taragan kaya fiye da miliyan ɗaya. Yawancinsu gajeru ne masu ƙafa huɗu, ba su da birkin da direba zai iya kamawa daga kan jirgi, kuma sarƙa mai zobe uku ce ke haɗa kowane da na bayansa. Jirgi ɗaya yakan ɗauko kayan garuruwa da yawa, don haka dole a warware shi a filin tasha, a tura kowane tarago layinsa, a sake jera wani sabon jirgi. Wannan aiki shi ake kira shantin.

Aiki ne da ya ci rayuka. Da farko ɗan shantin yakan shiga tsakanin taragai biyu ya rataya sarƙa da hannu, inda kuskure kaɗan kan sa ƙarafa su matse shi. Daga baya aka yawaita amfani da doguwar sanda mai ƙugiya, wadda ke ba shi damar ratayawa daga gefe. Amurka ta bi wata hanya dabam: Eli Janney ya yi rajistar maƙalar da ke kama kanta a 1873, dokar 1893 kuma ta tilasta amfani da irinta. Birtaniya ta kafa hukumar bincike kan haɗurran ma'aikatan reluwe a 1899, ta yi doka a 1900, amma sarƙar ta ci gaba da aiki shekaru da dama bayan haka.

A cikin wannan yanayi kamfanin Great Western Railway ya riƙa ƙera wani tarago na musamman. Ba ya ɗaukar kaya ko fasinja. Gajeren dandamali ne mai matakala a kowane gefe, da ƙarfen riƙewa, da akwatin kayan aiki a tsakiya. Ana maƙala shi a jikin injin shantin don ma'aikata su tsaya a kai maimakon bin jirgi da gudu, kuma sau da yawa akan rubuta sunan tashar da yake aiki a jikinsa. Shi ne zai zama ma'auninmu a wannan labari.

Masana'antar ƙananan jirage ba ta fara da irin wannan tarago ba. Kamfanin Märklin na Jamus ya gabatar da tsarin layuka masu ƙayyadadden faɗi a baje kolin Leipzig na 1891, kuma abin da ake sayarwa a lokacin kayan wasan 'ya'yan masu hali ne. A Liverpool, Frank Hornby, wanda ya ƙirƙiro Meccano, ya fitar da jirginsa na farko mai wani a 1920. Abin lura shi ne da kusoshi da noti aka haɗa shi, ana iya kwancewa a sake ɗaurawa. Cikin 'yan shekaru kamfanin ya bar wannan tsari ya koma sayar da haɗaɗɗu. Ke nan tun daga tushe kasuwa ta gwada hanyoyin biyu, ta ga wadda ta fi saurin kawo ciniki.

A 1938 aka fito da Hornby Dublo a ma'aunin da ake kira OO, inda milimita 4 ke wakiltar ƙafa ɗaya. Tarago mai tsawon ƙafa 17 da rabi yakan koma milimita 70. Sai dai ma'aunin ya zo da aibi. Injinan Birtaniya ƙanana ne, motocin lantarkin zamanin kuma manya, don haka aka ƙara girman jiki zuwa kashi 1 cikin 76, aka bar layi a faɗin milimita 16.5, wanda ya dace da kashi 1 cikin 87. Layin ya kasance ya fi yadda ya kamata ƙunci. Waɗanda abin ya dama suka ƙirƙiro nasu faɗin, na milimita 18.2 da na 18.83, kuma duk wanda ya bi su dole ya koyi sauya ƙafafun tarago da kansa.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu roba ta sauya komai. Kamfanin Tri-ang ya cika kasuwa da jirage masu araha daga masana'antarsa ta Margate, har ya haɗiye Hornby Dublo a 1964. Taragansa suna da ƙarko, amma an yi su ne don hannun yaro: ƙafafu masu kauri, maƙala ƙatuwa, kuma sau da yawa ƙasan tarago iri ɗaya ake ɗora wa jiki iri-iri. Robar nan kuma ita ce ta buɗe ɗaya ƙofar. Airfix ya fara sayar da taragan harhaɗawa masu sauƙin kuɗi a wajejen 1960, ƙananan kamfanoni irin su Ratio, Slater's, Parkside da Cambrian suka biyo da nau'o'in da manya ba su kula da su ba. A tsawon wannan zamani, mai son tarago daidai da na gaske ba shi da zaɓi sai ya haɗa. Taragon 'yan shantin na Great Western yana cikin waɗanda Cambrian ya fitar a matsayin ƙunshin sassa.

Lokacin ya zo daidai da mutuwar abin da ake kwaikwaya. Rahoton Beeching na 1963 ya kai ga rufe dubban tashoshi, injinan tururi suka bar aiki a 1968, jigilar kaya tarago ɗaya-ɗaya ta yi ta ja da baya. Injina masu suna sun sami masu ceto. Taragan kaya kuwa galibi an yanka su an sayar da ƙarfen. Masu haɗa ƙananan taragai ne suka bi filayen tasha da ma'auni da kyamara, suka nemi zanen injiniyoyi, suka rubuta lambobi. Ƙungiyar Historical Model Railway Society, wadda aka kafa a 1950, ta tara irin waɗannan zane da hotuna. Wanda zai manna sandar birki dole ya san gefen da take da dalilin zamanta a can, kuma ta haka ilimin aikin ɗan shantin ya tsira a hannun mutanen da ba su taɓa riƙe sandarsa ba.

Shantin ne kuma ke fallasa ingancin ɗan tarago. Wanda ke zagaya da'ira da gudu yana iya ɓoye aibinsa. Wanda ake turawa baya sannu a hankali ta kan marabar layi dole nauyinsa ya daidaita, ƙafafunsa su juya ba tangarɗa, maƙalarsa ta kama ta saki lokacin da ake so. Alan Wright ya shahara da shimfiɗar da ya kira Inglenook Sidings: layuka uku masu ɗaukar tarago 5, 3 da 3, taragai 8, a jera 5 bisa tsarin da ƙuri'a ta fitar. Lissafi ya ba da jeri 6,720. A ƙaramin ma'aunin N, wanda kamfanin Arnold na Jamus ya yaɗa a farkon shekarun 1960 kan layi mai faɗin milimita 9, matsalar ta fi tsanani, domin tarago ba shi da nauyi kuma maƙalar da aka saba da ita ba ta saurin saki. Har taragon 'yan shantin ya sami sabon aiki: wasu sukan sa masa wayoyin ɗaukar lantarki don ƙaramin injin da yake maƙale da shi kada ya tsaya a kan maraba.

Daga nan ma'auni ya juya. Bachmann, mallakin kamfanin Kader na Hong Kong, ya shiga kasuwar Birtaniya a ƙarshen shekarun 1980, Hornby kuma ya gama mayar da ƙirarsa ƙasar Sin a 1999. Haɗaɗɗun taragai suka fara zuwa da siraran ƙarafa da rubutun da hannun mutum ba zai iya zana irinsa ba. A shekarun 2010 Hornby da Bachmann duka suka fitar da taragon 'yan shantin haɗaɗɗe. Tsohuwar hujjar masu haɗawa, cewa nasu ya fi kama da na gaske, ta yi rauni ƙwarai.

Duk da haka hujja ɗaya ta rage musu. Ƙera mazubin roba yana cin kuɗi mai yawa, don haka kamfani ba ya taɓa nau'in da ba zai sayar da shi da yawa ba, kuma bayanan da yake dogaro da su galibi masu binciken sa-kai ne suka tara. Mai saye yana samun abin da kasuwa ta zaɓa ta tuna. Mai haɗawa yana iya zaɓar abin da ta manta.

Wannan ya shafe mu ta wata fuska. Layin dogon da ya iso Kano a 1911 faɗinsa milimita 1,067 ne, kuma a ma'aunin kashi 1 cikin 87 ana wakiltarsa da layi mai milimita 12. Taragan da suka kwashi gyaɗa da auduga da fatu zuwa Legas su ma sun sha shantin a Kano da Zariya da Kaduna. Duk wanda ya so ya ga ɗan ƙaramin irinsu a kan teburinsa, zai fara ne daga inda 'yan Birtaniya suka fara: ya nemo wanda ya rage a gefen tasha, ya auna shi, ya tambayi tsohon ma'aikacin da ya san inda sandar birkinsa take.