Uba Ɗaya, Hanya Biyu: Neman Macbeth a Ƙofar Atiku

Ganuwar Sakkwato ta daɗe da rushewa, amma ƙofofinta sun ƙi barin bakin mutane. A Ƙofar Atiku aka yanke mini cibiya, na kuma girma ina furta sunan kamar yadda ake furta sunan kasuwa, ban taɓa tambayar wane ne mai shi ba. Abin kunya, Baturen da ya rasu tun 1616 ne ya tura ni tambaya.

A aji uku na jami'a aka ɗora mana Macbeth, wasan kwaikwayon ban tausayi na Shakespeare. Sarki Duncan ya sauka a gidan Macbeth, wanda jininsa ne, baransa ne, kuma mai masaukinsa a wannan dare. Amana uku ke nan a wuyan mutum ɗaya, ya kuwa yanka su duka da wuƙa ɗaya saboda kwaɗayin gadon sarauta. Wasan ya tsaya mini a rai har na ƙudura sai na rubuta irinsa da Hausa, daga tarihin garinmu. Na riga na karanta Attahiru na Ahmed Yerima, wanda ya ɗora faɗuwar Sakkwato a dandamali da Turanci, to amma ni ba jarumi nake nema ba. Maci amana nake nema, na kuma ɗauka cewa duk inda daula ta faɗi ba za a rasa shi ba.

Mai ƙofar tamu shi ne Abubakar Atiku ɗan Shehu Usmanu, wanda ya gaji wansa Muhammadu Bello a 1837, ya rasu a Katuru a 1842 bayan yaƙin Tsibiri. Tun daga lokacin, in ka ɗebe Ahmadu Rufa'i ɗan Shehu, sarautar Musulmi ta yi ta kaiwa da komowa tsakanin gidan Bello da gidan Atiku. Ahmadu ɗan Atiku ya hau a 1859, ya kuma bar 'ya'ya biyu da tarihi bai manta da su ba: Muhammadu Attahiru, da Muhammadu Maiturare, Marafan da ya kafa Gwadabawa, ya tsare iyakar arewa da takobi.

Attahiru ya hau gado a ƙarshen 1902, bayan rasuwar baffansa Abdurrahman. Bai ko gama zama ba Kano ta faɗa hannun Turawa, ran 3 ga Fabrairu, 1903. Masana tarihi sun ruwaito cewa shawara ta rabu a fada: wasu na ganin a nemi sulhu, Sarkin Musulmi ya fi karkata ga hijira, Marafa kuwa yana cikin masu cewa a tsaya a gwabza. Ran 15 ga Maris aka haɗu a filin Giginya, ba nisa da unguwarmu. Doki da mashi suka fuskanci bindiga mai ruwan harsashi, kafin rana ta take an watse. Attahiru ya yi gabas, talakawa na barin gonakinsu suna bin sa gari bayan gari, har Burmi da ke cikin Jihar Gombe ta yau. A can ya faɗi ran 27 ga Yuli, tare da ɗaruruwan mutanensa.

Marafa bai bi shi ba. Ya dawo, ya yi mubaya'a ga Attahiru na biyu, ɗan Aliyu Babba na gidan Bello, wanda Gwamna Lugga ya tabbatar ran 21 ga Maris, kwana shida kacal bayan Giginya. A 1915 shi kansa Marafa ya zama Sarkin Musulmi.

Da na iso nan sai na ce faɗuwa ta zo daidai da zama. Ga ɗan'uwa ya zuga a yi yaƙi, ɗan'uwansa ya mutu a jeji, shi kuma ya ƙare a kan gado. Cikin mako biyu na cika rabin littafin rubutu. Na ba Marafa dogon zancen zuci da tsakar dare, har na ƙirƙiro masa mace mai hura masa wuta a kunne, wadda babu ita a kowane tarihi.

Kakana na fara karanta wa. Kakansa na cikin waɗanda suka zauna, ƙanen kakan nasa kuwa ya bi ayarin gabas, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ya saurara har na dasa aya, sannan ya ce, "Kai ɗan nan, da kowa ya tai Burmi, wa za shi binne waɗanda sunka hwaɗi Giginya?"

Ban sami amsa ba, sai na koma wa littattafai, wannan karon ba da alƙalamin mai wasa ba. Abin da na fara lura da shi ya juya mini lissafi: wanda ya so hijira shi ya mutu da takobi a hannu, wanda ya so yaƙi shi ya rayu cikin sulhu. Kowannensu ya ƙare a kan hanyar da ba ita ya nuna ba. Macbeth ya shirya kisa, ya zaɓi dare, matarsa ta bugar da masu gadi. Marafa kuwa ya ja rundunarsa ya tsaya wa ɗan'uwansa a Giginya da rana tsaka, kuma gadon da Turawa suka bayar bayan yaƙin ba shi aka ba ba. Ya fita daga gidansu ma baki ɗaya, ya koma gidan Bello shekara goma sha biyu.

Sai kuma Waziri Muhammadu Buhari, wanda shi ma na so in shafa masa baƙin fenti. Ya janye da jama'a zuwa Marnona, ya dawo ya yi magana da Turawa, amma zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya nemi fatawar Alƙalin Gwandu, Ahmadu ɗan Sa'adu, ya kuma rubuta risala ga ma'abota ilimi yana bayyana hujjarsa: in kowa ya yi hijira ƙasa za ta zama kango, a rasa mai tsayar da salla da shari'a, don haka ya halatta a bi mai rinjaye a zahiri, zuciya tana wani wuri. Ana iya ƙin wannan hujja, waɗanda suka mutu a Burmi ma sun ƙi ta da jininsu. Amma mutumin da ke yawo wajen malamai yana tambayar ko ya halaka bai yi mini kama da wanda kwaɗayi ya rufe wa ido ba.

Ba zan ce na wanke kowa ba. A 1906 talakawan Satiru, kudu da birni, suka tayar, suka kashe Turawa. Da aka je murƙushe su a watan Maris, fadar Sakkwato na gefen Turawa, dawakin Marafa na cikin rundunar, aka kuma shafe garin daga doron ƙasa. A nan hujjar bi a zahiri ta yi mini nauyi a baki, domin takobi ba ya sara a zahiri kawai. In akwai amanar da aka ci a wannan tarihi, na fi ganin ta a Satiru fiye da tsakanin 'ya'yan Ahmadu biyu, kuma waɗanda aka ci tasu ba su da ƙofar da ke ɗauke da sunansu.

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, ya tsira daga Burmi, ya ja sauran jama'a har Sudan, inda garin Mai Wurno yake har yau a bakin Shuɗin Kogin Nilu, kusa da Sinnar. Ɗan Marafa, Muhammadu Tambari, ya gaji mahaifinsa a 1924, ya bar gado a 1931, kuma tun daga ranar sarautar Musulmi ba ta sake shiga gidan Atiku ba. Littafin rubutuna yana nan a akwati. Na yage shafukan matar da na ƙirƙira, na soke zancen tsakar daren, na bar sunan Marafa a saman shafi. Kakana ya rasu bara ban karanta masa komai a ƙarƙashin sunan ba.