Hanyar fatake ta Gaya, da da yanzu

Jama'a 'yan yaƙi da jahilci, yau hirarmu a kan hanyar kudu take.

A zamanin kakanninmu, fatake masu zuwa Gwanja sayen goro sukan ƙetare kogin Kwara wajen Gaya da Illo. Madugu ke jan ayari. Abin tsoronsu maharan ƙasar Bargu, don haka ba mai tafiya shi kaɗai.

A 1936 jirgin ƙasa daga Kotonu ya kai Paraku, bai iso Nijar ba. A 1958 aka yi gadar Gaya zuwa Malanbil, manyan motoci suka gaji jakuna.

Sai wahala ta koma birni. Ɗan kasuwar Tunuga in ya doshi kasuwar Dantokpa a Kotonu, sai ya tarar motoci sun cushe, hayaƙi ya cika ido. In yana sauri ya hau zemijan, wato babur ɗin haya, hannu ɗaya riƙe da ƙarfe, ɗaya dafe da aljihu saboda 'yan sane. A ganina, wanda bai iya karanta allon titi ba ya fi kowa shan wuya.

A 2023, bayan juyin mulki a Yamai, aka rufe gadar. 'Yan kasuwa suka koma fito da kwalekwale.