TARIHIN GURBIN KATI A KWAMFUTAR TEBUR: Me Ya Sa Kati Ke Shiga Amma Ya Ƙi Aiki?

Yau ba za mu kama sukurdireba ba tukuna, tarihi za mu ɗan taɓa. Tambayar da aka fi yi mana a kan tsofaffin kwamfutocin tebur ita ce: "Malam, wane katin hoto ko katin wayales zan saka wa tawa?" Kusan kullum kuma bayan an riga an saya ake tambayar. Mutum ya kashe kuɗinsa, kati ya zauna daram a gurbinsa, an kunna, fanka na juyawa, amma monita baƙi ƙirin. Wannan matsalar ta haura shekara arba'in, kamanni kawai take sauyawa, kuma wanda ya san inda ta faro zai gane inda take ɓuya a yau.

A watan Agustan 1981 kamfanin IBM na Amurka ya fitar da kwamfutarsa mai lamba 5150. A kan madabod ɗinta, wato babban allon da komai ke zaune a kansa, akwai gurabe biyar na saka kati. Ita kanta ba ta iya nuna komai a monita sai an saka mata katin hoto, ko dai MDA mai nuna rubutu zalla, ko CGA mai nuna kala huɗu a lokaci guda idan ana zane. IBM ya wallafa bayanin yadda gurbin yake aiki, don haka duk kamfanin da ya ga dama zai iya ƙera kati ya sayar. Daga nan al'adar buɗe kwamfuta a ƙara mata abu ta samo asali. A 1984 aka tsawaita gurbin a samfurin AT, daga baya aka riƙa kiransa ISA. Waɗanda suka taɓa buɗe kwamfutar zamanin Pentium za su tuna shi, dogo ne baƙi.

Wahalar wancan lokacin ba ta shigar kati ba ce. Kowane kati sai ka zaɓa masa lambar da zai riƙa kiran furosesa da ita, ta hanyar matsar da wasu 'yan ƙananan robobi a jikinsa. In katin sauti da modem suka haɗu a lamba ɗaya, shi ke nan, ɗaya ya yi shiru ko kwamfutar ta daskare.

Da IBM ya ga wasu na cin kasuwar da ya buɗe, sai a 1987 ya fito da jerin PS/2 da sabon gurbi mai suna Micro Channel. Gurbin ya fi ISA inganci, amma tsofaffin katunan ba sa shiga, kuma duk mai son amfani da shi sai ya biya IBM. Kamfanoni tara, Compaq na kan gaba, suka haɗa kai a 1988 suka yi nasu mai suna EISA, wanda ke karɓar tsohon kati. Micro Channel bai yi nisa ba. Abin dariyar shi ne, abin da ya rayu daga PS/2 ɗin ba gurbin ba ne, shuɗin soket ɗin nan ne na VGA mai ramuka 15, wanda har gobe yana bayan monitocin da ke shagunan buga takardu da kafe-kafen garuruwanmu. Ku riƙe shi a rai, zai dawo.

A 1992 Intel ya kawo PCI, farin gurbin nan. Da shi da Windows 95 aka fara samun saukin kwamfuta ta gane kati da kanta. PCI na ɗaukar kimanin megabait 133 a daƙiƙa, sai dai duk katunan da ke kai rabawa suke yi, kamar gida mai famfo ɗaya. Da wasannin kwamfuta masu hoto uku-uku suka shigo, musamman bayan katin Voodoo na kamfanin 3dfx a 1996, sai famfon ya yi kaɗan. Saboda haka a 1997 aka ware wa katin hoto gurbinsa shi kaɗai, AGP, wanda galibi ruwan ƙasa ne.

To a nan ne fa aka yi asarar dukiya. AGP ya fito a matakai, daga 1x mai megabait 266 har 8x mai sama da 2,100, kuma ƙarfin wutar da kati ke magana da madabod da shi ya riƙa sauka, daga bolt 3.3 zuwa 1.5 zuwa 0.8. An yi wa katunan tsaga a ƙasansu ta yadda mai 3.3 ba zai shiga gurbin 1.5 ba. Amma wasu masu ƙera kati suka yi wa nasu tsaga biyu alhali 3.3 kaɗai yake ji. Kati ya shiga lafiya lau, a danna maɓalli, madabod ta ƙone. Ya faru da madabod na farkon zamanin Pentium 4, har wasu kamfanonin suka riƙa saka kariya da za ta hana kwamfutar tashi in ta ji irin wannan katin. Idan har yau kana da mai AGP, gaskiya shawarata kada ka kashe mata ko sisi a kan katin hoto. Ta yi zamaninta.

PCI Express, wanda ake taƙaitawa PCIe, ya fara bayyana a madabod a 2004, kuma shi ne muke kai har yanzu. Maimakon hanya ɗaya da kowa ke rabawa, an yi shi layi-layi. Gajeren gurbi mai layi ɗaya shi ne x1, dogon mai layi goma sha shida shi ne x16. A zubin farko kowane layi na ɗaukar megabait 250 a daƙiƙa, zubi na biyu a 2007 ya ninka zuwa 500, na uku a 2010 ya kusa 1,000, na huɗu a 2017 ya sake ninkawa. Abin da ya bambanta shi da na baya shi ne an yi alkawarin sabo da tsoho za su zauna lafiya, kuma an cika. Katin zubi na huɗu zai yi aiki a gurbin zubi na biyu, sai dai da saurin na biyun. Ƙaramin katin x1 ma zai zauna a dogon gurbin x16 ba matsala. Amma ku kula, PCI da PCIe suna ne kawai ya yi kama, ba sa shigar juna ko kaɗan.

Ka ga ke nan tun 2004 kusan kowane katin hoto yana shiga. Shi ya sa mutane suka daina tambaya, tarkon kuwa ya koma wasu wurare.

Na farko wuta. Dogon gurbin x16 a ƙa'ida wat 75 yake bayarwa. Katin da ke neman fiye da haka sai an jona masa waya daga fawa saflai, mai fil 6 tana ƙara 75, mai fil 8 tana ƙara 150. Yawancin kwamfutocin tebur da ke hannun mutanenmu kuwa tsofaffin na ofis ne da aka kwaso daga Turai da Amurka, irin su OptiPlex na Dell da EliteDesk na HP da ThinkCentre na Lenovo. An ƙera su ne don buga wasiƙa da lissafi. Siraran cikinsu fawa saflai ɗinsu bai cika wuce wat 240 ba, babu waya mai fil 6, kuma da yawa soket ɗin wutarsu na kamfanin ne shi kaɗai, ba za ka cire ka saka na kasuwa kai tsaye ba. Wasu ma an rubuta a gefen gurbin adadin da bai kai 75 ba, haska tocila ka duba. Akwai 'yar wayar da ake sayarwa mai mayar da wutar hadis ta SATA zuwa fil 6. Ni dai ba na son ta, domin soket ɗin SATA ba a yi shi don ɗaukar wannan nauyin ba, kuma yana iya narkewa.

Wannan ne dalilin da ya sa wasu katunan suka yi suna a wurin masu tsohuwar kwamfuta. GTX 750 Ti na Nvidia da ya fito a 2014 wat 60 yake ci, yawancinsu ba sa neman ƙarin waya. GTX 1050 Ti na 2016 da GTX 1650 na 2019 suna kan 75, kuma akwai gajerunsu masu shiga siririn kesin. GT 1030 na 2017 wat 30 ne kacal, sai dai iri biyu ne da suna ɗaya, mai GDDR5 da mai DDR4, kuma na biyun ya fi rauni nesa ba kusa ba. Karanta kwalin da kyau. RX 6400 na AMD da ya fito a 2022 shi ma ba ya cin wuta, amma layi huɗu kawai yake amfani da su. A madabod mai zubi na huɗu wannan ya isa, a tsohuwa mai na uku hanyar ta ragu da rabi, a mai na biyu ta koma kwata. Katunan Arc na Intel kuwa suna dogara da wani tsari mai suna Resizable BAR da tsofaffin madabod ba su da shi.

Sai BIOS. Kwamfutocin da aka yi kafin wajen 2012 yawanci tsohon BIOS ne a cikinsu, ba UEFI ba, kuma wasu sababbin katunan ba sa nuna hoto a kansu. In kamfanin ya fitar da sabon BIOS, sabunta shi kafin ka saka katin. Sannan VGA ɗin da na ce ku riƙe: daga jerin GTX 10 Nvidia ya daina fitar da irin siginar da VGA ke ji. Ɗan adaftan DVI zuwa VGA na roba da muka saba da shi ba zai yi ba, sai mai na'ura a ciki wanda ke juya siginar, ko ka sauya monita.

Katin wayales nasa tarihin ya fi gajarta, amma ya fi rikici. Ƙa'idar 802.11 ta fito a 1997 da megabit 2, sai 802.11b a 1999 da 11. Don laftof aka fara yin katunan, shi ya sa na tebur na farko-farko da yawa katin laftof ne ake zurawa a cikin wani katin PCI. Har yau abin bai sauya ba sosai. Ɗaga murfin ƙarfen katin Wi-Fi na PCIe da ake sayarwa yanzu, sau da yawa ɗan ƙaramin katin laftof mai gurbin M.2 za ka tarar an ɗora a kan allo an jona masa eriya. Bayan b sai g a 2003, n a 2009, ac a 2013, sannan ax da ake kira Wi-Fi 6.

Tsohon katin PCI da ka tsinta a kasuwar gwanjo zai iya shiga, Windows ta gan shi, amma ya kasa hawa intanet. Tsaron farko mai suna WEP an fasa shi tun 2001, aka maye gurbinsa da WPA a 2003 da WPA2 a 2004, sannan WPA3 a 2018. Katin da WEP kaɗai ya sani ba zai shiga hotsifot ɗin wayarka ba. Katin b ko g kuma zangon 2.4 kawai yake gani, in wayarka ko rautarka na watsawa a zangon 5, ko sunanta ba zai nuna ba.

Sabon katin ma yana da nasa. Intel na da AX200 da AX201, lamba ɗaya ce tsakaninsu, kamanninsu ɗaya, gurbinsu ɗaya. AX200 cikakken kati ne, yana aiki a madabod ɗin Intel ko AMD. AX201 kuwa rabin kati ne, ɗaya rabin yana cikin wasu madabod na Intel, tsarin da suka kira CNVi. Saka shi a inda babu wancan rabin, kamar ba ka saka komai ba. Haka 9260 da 9560 suke. Kuma AX200 ɗin ba shi da direban Windows 7, don haka mai tsohuwar kwamfutar da bai matsa zuwa Windows 10 ko Linux ba gara ya nemi katin zamanin n ko ac wanda aka yi wa direba. Masu Linux sun daɗe suna yaba katunan Atheros tun da aka saki direbansu a buɗe a 2008, sannan sun sha fama da na Broadcom.

Abu ɗaya da ke mayar da kati shago ba gaira ba dalili shi ne Bluetooth. A waɗannan katunan Wi-Fi ta gurbin PCIe yake bi, Bluetooth kuwa ta USB. Wannan 'yar siririyar wayar da ke cikin kwali, wadda mutane ke jefarwa, ita ake jonawa daga katin zuwa filolin USB masu fil 9 a kan madabod. Wasu kwamfutocin ofis ba su da waɗannan filolin a sake, don haka buɗe kesin ka nemo su tun kafin ka tafi kasuwa. In babu, Wi-Fi zai yi aiki, Bluetooth ɗin kuma sai ka sayi ɗan ƙarami na USB ka soka a baya.