Tarihin Auna Ƙugu da Gwiwar Karnukan Asali

Tun daga 1873, lokacin da aka kafa ƙungiyar masu kiwon karnuka ta Ingila, wato Kennel Club, aka soma rubuta salsalar karnuka a littafi, kuma a hankali aka rufe ƙofar kowane iri, har ya zama kare ba ya amsa sunan ɗan asali sai uwarsa da ubansa suna cikin rajista. Wannan tsari ya fito da kamannin da alƙalan gasa ke so, amma ya tattara jini wuri guda, sai lahanin da ke ɓoye a jikin kakanni ƙalilan ya bazu cikin dubban jikoki. Mafi shahara daga ciki shi ne sassaucin gaɓar ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a gurbinsa, yana ta gogayya har amosanin gaɓɓai ya shiga, kare ya fara ɗingishi ko ya riƙa shan wuya wajen miƙewa.

Likitan dabbobi Gerry Schnelle na birnin Boston ne ya fara bayyana ciwon a 1935, kuma a wancan zamani an ɗauka ba kasafai ake samunsa ba, sai da hoton ƙashi ya yawaita aka gano ya yi katutu a manyan karnuka irin su makiyayin Jamus da Labrador. A 1965 ƙungiyar likitocin dabbobi ta Birtaniya ta haɗa kai da Kennel Club suka buɗe shirin duba hotuna, shekara guda bayan haka aka kafa gidauniyar OFA a Amurka da tallafin attajiri John Olin, wanda ciwon ya taɓa karnukansa na farauta.

Kowane ɓangare da ma'auninsa. Amurkawa sukan jira kare ya cika wata 24, sannan ƙwararru uku su duba hoton, kowa shi kaɗai, su ajiye shi a ɗaya daga matakai bakwai. Turawan Ingila kuwa sukan karɓi ɗan wata 12, su auna abubuwa tara a kowace gaɓa, su ba ta maki daga 0 zuwa 53, jimillar biyun ta kai 106, kuma ƙarancin makin shi ne lafiya. Duk da haka hanyoyin biyu sun yi tarayya a rauni ɗaya, domin akan kwantar da kare rigingine a miƙe ƙafafunsa na baya, miƙewar da kan matse gaɓa ta ɓoye sassaucin da ake nema. Wannan ne ya sa Gail Smith na Jami'ar Pennsylvania ya fito da tsarin PennHIP a 1993, wanda ke ɗan ture kan ƙashin daga gurbinsa a auna iyakar motsinsa, kuma ana iya yinsa tun kwikwiyo yana ɗan mako 16.

Auna gwiwar ƙafar gaba kuwa ya zo a makare: an kafa kwamitin ƙasa da ƙasa a kanta a 1989, shirin Birtaniya ya biyo baya a 1998, ana ba da maki daga 0 zuwa 3.

Ci gaban da aka samu bai kai yawan hotunan da aka tara ba, kuma dalilan a fili suke. Ciwon ba ƙwayar gado ɗaya ke haifar da shi ba, taron ƙwayoyi da yawa ne, ga ƙiba da saurin girma suna ƙara masa ƙarfi, saboda haka kare mai kyakkyawan hoto yana iya haifar mai lahani. Bugu da ƙari, inda aika hoto ganin dama ne, mai kiwon da ya ga alamar sakamako ba zai yi daɗi ba yakan ajiye hoton a gida, sai alƙaluma su nuna lafiyar da ta fi gaskiya. A 2014 Kennel Club ta fara fitar da ƙiyasin darajar gado ga wasu irin karnuka, wanda ke haɗa makin kare da na iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa kafin a yanke shawarar yi masa barbara.