Zaman Jira a Ƙofar Ɗakin Tiyata: Jiya da Yau a Abuja

'Yan'uwa mazauna Abuja, duk wanda ya taɓa jinya ya san babu zaman da ya kai na ƙofar ɗakin tiyata tsawo. Shi mara lafiya an yi masa allura yana barci, su kuwa dangi suna waje, carbi a hannu, ido na kan ƙofa.

Wannan fargaba tana da tushe. A da can wanzami ne ke yin sakiya da ƙaho da kaciya, maɗori kuma ya ɗora karaya, duk a gaban dangi. Ko a Turai da Amurka ma, sai a 1846 aka nuna yadda za a sa mutum barci a yi masa fiɗa, a birnin Boston. Da aikin ya koma asibiti, sai aka rufe ƙofa aka bar dangi a waje. Abin da ido bai gani ba kuwa, zuciya ce ke ƙara masa girma.

A nan Abuja abin ya haɗu da baƙunci. Janar Murtala Muhammed ne ya kafa yankin a 1976, gwamnati kuma ta tare a 12 ga Disamba, 1991. Magabatanmu da suka zo aikin gini da kasuwanci sun baro danginsu a Kano, Katsina, Sakkwato da Zariya. Idan ciwo ya yi tsanani, sau da yawa sai a nufi Kaduna ko Zariya. Daga baya aka samu asibitin ƙwararru na Gwagwalada, wanda ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja a 2006, ga kuma Asibitin Ƙasa da aka buɗe a 1999.

To, asibiti ya matso, amma tambayoyin ba su canja ba: wa zai sa hannu, wa zai ba da jini, wa zai biya kuɗi? Wani magidancin tsoron sa hannu kan sa ya yi ta jinkiri alhali matarsa na naƙuda, jinkirin kuma shi ne hatsarin.

Saboda haka mu tambayi likita komai kafin aiki. In an hana mara lafiya abinci, kada tausayi ya sa mu ba shi a ɓoye, domin abin da ke ciki na iya komawa huhu lokacin barcin. In an nemi jini, mu fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, maƙwabci kuma shi ne dangin baƙo.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.