Auna Aikin Ma'aikaci da Kuɗi: Darasi daga Tarihin Hakimai a Gabashin Sakkwato

1.0 Gabatarwa

Masana sha'anin gudanarwa sun daɗe suna neman hanyar da za a bi a faɗi, da fam ko da naira, abin da aikin ma'aikaci ya jawo wa wanda ya ɗauke shi. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka yi irin wannan awo a gundumomin Goronyo da Wurno da Rabah, tun daga zamanin Daular Usmaniyya zuwa ƙarshen mulkin En'e. Abin da take son nunawa shi ne, duk lokacin da aka auna ma'aikaci da kuɗin da ya shigo da su kaɗai, to asarar da ya jawo wajen tara su ba ta fitowa a littafin lissafi, sai dai ta fito a jikin talakawa.

2.0 Awon Mutanen Da

Malaman da suka yi rubutu kan mulki a ƙasar Hausa ba su bar ma'aikacin sarki haka kawai ba tare da ma'auni ba. A cikin nasihar da Shaihu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa (1463–1499), ya ce wajibi ne sarki ya san yawan dukiyar mutum kafin ya naɗa shi, sa'an nan ya riƙa bin sawunsa, in ya ga ta ƙaru ba bisa ƙa'ida ba ya karɓe ƙarin ya sa a baitulmali. Asalin wannan kuwa aikin Sayyadina Umar ne da gwamnoninsa. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bi wannan tafarki a littafinsa Liya'ul Hukkami, haka kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (1817–1837), wanda ya kafa ribaɗin Wurno ya kuma rasu a can, ya ja kunnen Sarkin Katsina Ummarun Dallaje a kan sa ido ga ma'aikata a cikin Usulus Siyasa.

Abin lura a nan shi ne wajen da ma'aunin ya fuskanta. Abin da ake ƙirgawa shi ne abin da ma'aikaci ya ci, watau tsadar da ya yi wa jama'a. Ko da yake ba kullum aka yi aiki da wannan ƙa'ida ba, amma dai ita ce abin da alkali ko mai wa'azi zai kafa hujja da shi.

3.0 Zuwan Turawa da Kafa Baitulmali

Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Cikin 'yan shekaru kaɗan suka haɗe kuɗaɗen da ake karɓa iri-iri suka mai da su haraji da jangali, suka rarraba ƙasa gunduma-gunduma, suka tilasta wa hakimai barin birni su koma ƙasashensu da zama, suka kuma kawar da jakadu. Da farko hakimi da dagaci kowa yana yankar kasonsa ne daga abin da ya tara. Daga baya, bisa tsarin da H. R. Palmer ya fara gwadawa a Katsina, aka kafa Baitulmali a masarautu wajen 1911, aka yanka wa sarki da hakimai da alkalai albashi.

A wannan shekara ta 1911 ne kuma Frederick Taylor ya fito da littafinsa a Amurka, inda ya koya wa masu masana'antu su riƙe agogo su ƙirga abin da leburan ya yi a awa guda. Babu wata alaƙa tsakanin abubuwan nan biyu, amma tunaninsu ɗaya ne, watau a mai da aikin mutum adadi.

Yanka albashi bai raba hakimi da haraji ba. Yawan mutanen gunduma da yawan kuɗin da take kawowa su ne ke nuna girman albashin hakiminta. Idan Di'o ya fito rangadi, abin da zai fara dubawa shi ne littafin ƙidaya da rasiɗai, da ranar da aka kammala biya, da ko akwai ragowa. Hakimin da ya cika harajinsa da wuri ya sami yabo a rahoton shekara. Wanda lissafinsa ya sami giɓi kuwa, rawaninsa na cikin haɗari. Ta haka ma'auni ya juya baya: a da ana tambayar abin da ma'aikaci ya ci, yanzu ana tambayar abin da ya kawo.

4.0 Abin da Lissafi Bai Nuna Ba

Wannan awo yana da amfaninsa, domin ya rage yawan hannayen da kuɗi ke bi ta cikinsu, ya kuma sa aka sami abin biyan malaman makaranta da na asibiti. Amma aikin hakimi ya fi ƙarfin karɓar haraji. A ƙasa irin ta Goronyo da Wurno, wadda arzikinta ke jingine da fadamar Gulbin Rima, babban aikinsa shi ne raba gardamar iyakar gona bayan ruwa ya janye, da kiyaye burtali, da sasanta manomi da makiyayi. Babu layin da aka ware wa waɗannan a takardar Ma'aji.

Har ila yau, akwai asarar da matsin lamba ke jawowa. Manomin da aka ƙuntata wa yakan sayar da hatsinsa da kaka, lokacin da ya fi arha, ko ya tafi cin rani neman kuɗin biya. Binciken da R. M. Prothero ya yi kan 'yan cin rani na Lardin Sakkwato a ranin 1952–53 ya nuna irin ɗimbin mazajen da ke fita kowace shekara. Bafillace kuwa, in jangali ya yi masa nauyi, sai ya kora shanunsa zuwa ƙasar Faransi, tun da iyaka ba ta da nisa. Hakimi ya cika adadinsa na bana, amma ya rage na baɗi.

Adadin da ke ɗaga mutum kuma shi ne makamin kā da shi. Ahmadu Bello ya zama hakimin Rabah a 1934, aka naɗa shi Sardauna aka tura shi Gusau a 1938. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun Sarkin Musulmi ta ɗaure shi, amma da ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya aka wanke shi. Wannan shari'a ta nuna cewa littafin haraji ya zama hanyar da ta fi sauƙi ta kai wa babban ma'aikaci sara. Ƙorafe-ƙorafe kan yadda ake tafiyar da En'e suna cikin abin da ya sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ya kawo batun gyara ta gaban Majalisar Arewa a 1950.

5.0 Kammalawa

Abin da aka gani a Kwarin Rima ya yi daidai da abin da Rensis Likert ya bayyana a Amurka a 1967, cewa manaja na iya ƙara riba ta ɗan lokaci ta hanyar takura wa ma'aikata, alhali jarin kamfani yake cinyewa ba tare da akanta ya gani ba. A Nijeriya kuwa, Hukumar Udoji ta ba da shawara a 1974 a riƙa auna ma'aikaci da sakamakon aikinsa, a kuma nuna masa rahotonsa, sa'an nan gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya kawo ƙarshen En'e.

Tambayar dai tana nan. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana da ma'aikata, kuma ana iya auna su da kuɗin ruwan da suka karɓa ko da buhunan shinkafar da manomi ya ɗauke. Tarihin hakimai yana koya mana mu haɗa ma'aunan nan guda uku: abin da ma'aikaci ya kawo, da abin da ya ci, da halin da ya bar mutanen da aka damƙa masa. Na ukun ya fi wuyar ƙirgawa, shi ya sa aka fi mantawa da shi.